Hannun Hagun Morenike

Ƙofar ɗakin ta buɗe ba tare da an ƙwanƙwasa ba, daidai lokacin da Morenike take riƙe da hoton wata yarinya durƙushe a gaban kakarta, tana nuna wa kyamarar kwamfuta.

Wadda ta shigo kuwa Alhaja Sikiratu ce, mahaifiyar Gbolahan, saurayin da danginsa za su kawo gaisuwar aure gidan nan bayan mako biyu. A bayanta ga Tinuke, 'yar aminiyarta, tana leƙe ta saman kafaɗarta.



Wannan ne darasin Morenike na uku tun da ta bar aikin malanta a makarantar firamare ta Oke-Ado ta koma koyar da Yarabanci ta intanet daga ɗakinta. Ɗaliba ɗaya tak gare ta, Ireti, 'yar shekara bakwai da aka haifa a Ingila. Uwar yarinyar tana zaune gefe tana kallo, domin a ranar za ta yanke ko za a ci gaba. Kamfanin da ya haɗa su kuma ya kafa doka: malama ba ta tashi daga gaban kyamara sai darasi ya ƙare.

Hannunta na dama yana riƙe da hoto. Saboda haka sai ta ɗaga na hagu, ta nuna wa Alhaja tafinsa alamar a dakata, fuskarta kuwa tana ci gaba da yi wa allo murmushi.

Alhaja ta dubi hannun nan, ta daɗe tana dubansa.

"To," in ji ta. Ta juya ta fita, Tinuke ta ja ƙofar a hankali.

"Anti," muryar Ireti ta shigo kunnenta cikin Yarabancinta mai tuntuɓe, "wace ce wannan kakar?"

"Babbar uwata ce..."

"To me ya sa ba ki durƙusa mata ba? Yanzu kika ce mace ba ta gai da babba a tsaye."

Uwar Ireti ta sunkuyar da kai. Morenike ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yadda ta kai ƙarshen darasin, ita kanta ba za ta iya faɗi ba.

Da ta fito, ta tarar da mahaifiyarta zaune bakin murhu, tukunyar amala ta huce ba a taɓa ta ba.

"Ko ruwa ba ta sha ba," in ji mahaifiyar ba tare da ta ɗago ba. "Shekara ashirin da shida ina koya miki gwiwa, yau kin nuna wa garin Ibadan cewa ban koya miki komai ba."

Bayan la'asar Gbolahan ya zo, rigar aikinsa duk tsatsar kwanon rufi. Shi ne ya kafa mata sola a kan ɗakin domin kada ɗauke wuta ya katse mata darasi. Yau bai shigo ba, a bakin rijiya ya tsaya.

"Mami ta ce a dakatar da gaisuwa."

"Na sani..."

"Ba ki sani ba, Nike. Mako guda ke nan Tinuke tana cika mata kunne, wai kina kulle ɗaki, ki ci kwalliya, ki yi ta yi wa baƙin maza murmushi a kyamara."

Morenike ta dafe ƙirji. "Tinuke? Shekaranjiya ta zo ta ce tana son koyon aikin, ta tambaye ni ƙarfe nawa nake farawa."

"Kika gaya mata."

"Na gaya mata."

"Wannan ƙaryar ba ta dame ni ba, zan iya rushe ta. Amma Mami ta tambaye ni abu biyu na rasa amsa. Ta ce yaushe kika bar makaranta ba a gaya mata ba? Sa'an nan hannun hagu, masoyiyata. Hagu fa."

Hawaye ya zubo mata. Ita ce ta roƙe shi ya ɓoye zancen barin makarantar. Kunya take ji a ce matar da Gbolahan zai aura ba ta da wurin aikin da za a nuna da yatsa, sai ɗaki da labule da kwamfuta ta hannu. Ta so sai ɗalibai sun taru kafin ta faɗa.

"Na ji tsoron baƙi su ce ban iya aiki ba," ta ce, "sai na bar uwarka a tsaye. Ba Tinuke ce ta ɗaga hannun ba, Gbolahan. Ni ce."

Ya matso, muryarsa ta yi laushi. "Bari in je in roƙe ta. Zan kwanta mata rub da ciki har ta haƙura."

"A'a, zuciyata. Ƙirjinka ba zai biya abin da gwiwata ta ƙi yi ba."

Washegari da hantsi ta shiga kasuwar Gbagi, inda Alhaja take da shagon atamfa da leshi. Layin cike yake da mata. Morenike ba ta nemi lungu ba. A bakin shagon, kan siminti mai zafi, ta zube gwiwa biyu.

Alhaja ta ci gaba da auna wa wata mata yadi kamar ba ta ga kowa ba.

"Alhaja, kin yi baƙuwa," in ji maƙwabciyar shagonta tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ba ita ce mai tsayar da motoci da hannu ba? A kai ta mahaɗar Dugbe mana, ana neman irinsu."

Mata suka kwashe da dariya. Tinuke, da take ninke atamfa a ciki, ta rufe baki da gyale.

Morenike ba ta ɗaga kai ba. Zufa tana bin bayanta, gwiwoyinta suna ƙuna. Sai da masu saye uku suka zo suka tafi, sa'an nan Alhaja ta ajiye almakashi.

"Wane hannu kika zo da shi yau?"

"Ban zo da hannu ba, Mami. Da gwiwa na zo."

"Me kike sayarwa a cikin akwatin nan da ya fi ƙarfin ki gai da ni?"

"Yarabanci nake koya wa yaranmu da aka haifa a waje. Jiya darasin gaisuwa muke yi."

"Gaisuwa?" Alhaja ta dubi matan layin. "Kun ji. Gaisuwa take koyarwa."

"Abin da yarinyar ta ce mini ke nan, Mami. 'Yar shekara bakwai, ta tambaye ni me ya sa ban durƙusa miki ba. Ban sami amsa ba, har yanzu ban samu ba. Na kuma ɓoye miki barin makaranta saboda ina kunyar aikina. Duka biyun laifina ne."

Dariyar layin ta tsaya. Alhaja ta shiga murza bakin mayafinta. Morenike ta san abin da kowa a layin ya sani, ko da yake ba a faɗa: babbar 'yar Alhaja tana Amurka da 'ya'ya uku, kuma duk sa'ad da aka kira su a waya, sai dai su ɗaga wa kakarsu hannu su ruga da gudu.

"Yarinyar da ba ta taɓa taka Ibadan ba ce ta faɗi haka?"

"Ita ce, Mami."

"Yaushe ne darasin gaba?"

"Alhamis da ƙarfe huɗu, idan uwarta ba ta sallame ni ba."

"Tashi, kina tare mini ciniki. Ban ce na yafe ba. Idona zai gani tukuna."

Uwar Ireti ba ta aiko da komai ba, ba sallama, ba tabbaci. Ranar Alhamis Morenike ta kunna kwamfuta, sai ga su sun bayyana, uwa da 'ya. Ta bar ƙofa a buɗe, labule a ɗage.

Minti goma da farawa Alhaja ta shigo, Tinuke tana riƙe mata da jaka, Gbolahan ya tsaya daga waje.

Morenike ta ce, "Ireti, ki duba da kyau." Ta cire abin sauraro daga kunnenta, ta juya kwamfutar domin a ga ɗakin duka, da tsohuwar katifa da bangon da fenti ya ɓare, abubuwan da kullum take ɓoyewa. Sa'an nan ta tashi daga kujera ta durƙusa.

"Barka da yamma, Mami."

 Idon Alhaja yana kan allo, inda ƙaramar yarinya ta sauko daga kujera, ta sa gwiwa ɗaya a kan darduma, ta ce, "Barka da yamma, Kaka."

"Gwiwa biyu," in ji Alhaja. "Ɗaya ta masu gaggawa ce."

Ireti ta sauke ɗayar.

"Yawwa. Wace ce uwarki? 'Yar wane gida ce?"

Sai uwar Ireti ta zame daga kujerarta ita ma ta durƙusa, ta ambaci unguwarsu da sunan gidan kakanta. Ashe Alhaja ta san gidan. Ta shiga yi wa zuriyar kirarinsu tun daga kakan kaka, tana sa wa yarinyar albarka, matar kuwa tana share hawaye da bayan hannu.

"Malama," in ji uwar Ireti daga bisani, "na yi niyyar yau ce ranar ƙarshe. Yanzu kuwa ina da ƙawaye huɗu da zan ba su lambarki."

Da aka kashe kwamfuta, Alhaja ta zauna a kujerar darasi ta juya wajen Tinuke.

"Ina mazan?"

"Mama, ni dai abin da na ji..."

"Ajiye jakar ki tafi gida. Ki gaya wa uwarki zan zo mu yi magana."

Tinuke ta fice ba ta kalli kowa ba. Morenike tana nan a durƙushe.

"Gbolahan," Alhaja ta kira, "daina laɓewa kamar ɓarawon kaji. Ka gaya wa babanka gaisuwa tana nan ranar Asabar ɗin da aka sa."

Gbolahan ya shigo ya kwanta rub da ciki a gabanta, yana satar kallon Morenike, idonsa yana dariya.

"Ke kuma," in ji Alhaja, "ina da jikoki uku da ba su san suna da gwiwa ba. Za ki fara da su, ni kuma zan zauna a nan ina dubawa."

"To, Mami."

"Miƙo hannun."

Morenike ta miƙa na dama.

"Ba shi ba. Mai laifin."

Kunya ta sake rufe ta. Ta miƙa na hagu, kanta a ƙasa. Alhaja ta kama shi, ta juya tafin da aka nuna mata, ta dubi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta dafa na kusa da ƙaramin.

"A nan za a sa zoben," ta ce. "Zan gaya wa maƙeri ya yi shi da nauyi, domin kada hannun ya ƙara tashi."