Zane Uku a Bakin Lens

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, ranta a ɓace yake. Shaguna huɗu ta zaga a layin masu kayan hoto na hannu, tana neman lens, wato gilashin gaban kyamara, kowa na rantse mata cewa nasa kamar sabo ne, alhali daga gani ya sha wuya. Na biyar ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya da fitila, sai wani siririn saurayi da ya duƙufa kan kyamarar da ya buɗe wa ciki.

Ta nuna wani lens a kan kantar shagon. "Wancan nake so."

Ya ɗauko, ya haska tocila ta baya, ya leƙa ta gaba. "Ba zan sayar miki da wannan ba."

"Kuɗina ne ba su yi maka ba?"

"Fumfuna ta kama gilashin ciki. Wata biyu hotunanki za su yi dishi-dishi, amare su zage ki, ke kuma ki zo ki sauke a kaina."

Dariya ta kusa ƙwace mata. Ya jawo aljihun teburi ya fito da wani tsohon lens, ƙarfe zalla, ya ce shekara biyu yana ajiye, ba wanda ya san darajarsa. Ta ɗaura a kyamararta ta gwada a fuskarsa, ta daɗe tana kallon hoton fiye da yadda gwaji ke buƙata.

Tana nan wani ya kawo filashar kyamara zai sayar. Saurayin ya sa shi ya riƙe kayan, lambar jiki a fili, ya ɗauke shi hoto.

"Ƙa'idata ce," ya ce mata. "Duk wanda ya kawo min kaya sai na ɗauke shi. Mai kayan sata ba zai yarda ya tsaya ba."

Ta sayi lens ɗin, ta kuma tafi da lambar wayarsa, wai saboda ko zai ba da matsala. Matsala dai lens bai bayar ba, amma saƙo kullum sai ya zo.

"Madam Kyamara, ya aiki? Ki riƙa rufe lens ɗin nan, ƙura ba ta da mutunci."

"Injiniyana, lens kake tambaya ko mai shi?"

"Mai shi. Lens ɗin dalili ne kawai, zuciyata."

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Baba ya murtuke fuska. Shi ma tsohon mai hoto ne, ciwon ido ya rufe masa shago, kuma tuni ya yi wa wani abokinsa alkawarin duba maganar ɗansa, ma'aikacin ofis mai mota. Da ƙyar Umma ta lallashe shi ya yarda a turo Injiniyan nata.

Injiniya ya zo da yamma, ya durƙusa a falo yana gumi. Hira ta fara daɗi da aka shiga zancen kyamarori, har Auta ta yi zumuɗi ta ɗauko lens ɗin ta miƙa wa Baba. Ba ya gani sosai, sai ya bi bakin ƙarfen da babban yatsa. Nan yatsan ya tsaya.

"Zane uku. Da allura na yi su, da hannuna." Ya ɗago kai. "Wannan nawa ne. Ina kwance a asibiti aka ɓalle min kabad aka sace shi. A ina ka samo?"

Daidai nan Umma ta shigo da ruwa. Injiniya ya ɗaga kai ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar.

"Saya na yi, Baba."

"A hannun wa?"



"Ka nuna masa hoton mana!" in ji Auta.

Injiniya ya girgiza kai. Baba ya nuna ƙofa da sanda. "Ka kawo min wanda ya sayar maka kafin ƙarshen mako. In ba haka ba, 'yata ba za ta auri dillalin ɓarayi ba, kuma abokina na jiran amsa."

Washegari Auta ta dira a shagon kamar za ta tashi da shi. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ce ashe ƙa'idar tasa ta baki ce kawai. Shi dai yana ta goge gilashin da ya riga ya goge. Ta fita tana kuka. Tana cikin mota saƙonsa ya shigo.

"Zuciyata, hoton yana nan, ban goge ba. Amma ba ni da ikon nuna shi. Ki yi haƙuri da ni."

"Ka zaɓi ɓarawo a kaina. Kada ka ƙara kirana zuciyarka."

Ta tura, ta kife wayar. Kwana huɗu ba ta ci na kirki ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne har yanzu tana sonsa.

Ranar ƙarshe da safe Baba ya ce a kira masa abokinsa a waya. Auta na kicin ta ji Umma ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta nufi falo.

"Malam, ajiye wayar nan. Ni na kai wa yaron nan lens ɗin."

Baba ya ajiye wayar. Umma ta ci gaba.

"Likita ya ce in aka ƙara mako ba a yi aiki ba, idon ya tafi. Na san in na tambaye ka, cewa za ka yi gara idon ya tafi. Ni na ɓalle kabad ɗin, na sayar da lens ɗin na biya kuɗin aikin, na ce ɓarayi ne. Kwana huɗun nan ina kallon yarinyar nan tana ramewa, tsoronka ya hana ni magana."

Baba ya lalubo sandarsa. Ya ce, "Auta, miƙo min takalmina."

Da ƙafarsa ya shiga layin, Auta na riƙe da hannunsa, maƙwabtan shago suna leƙe. Injiniya ya miƙe a firgice.

"Me ya hana ka faɗa, har na kira ka ɓarawo?"

"Baba, ranar da ta kawo shi kuka take yi. Ta roƙe ni kada kowa ya ji. Na yi mata alkawari tun ban san wace ce ba."

"Ko da za ka rasa Auta?"

Ya dubi Auta, idonsa ya kaɗa. "Kwana huɗu ina roƙon Allah kada ta kai ga haka."

Baba ya lalubo kafaɗarsa ya riƙe. "Ka yafe min, ɗana. Yadda ka rufa wa matata asiri, na san za ka rufa wa 'yata. Ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi. A hankali ta ce, "Injiniyana, saƙon nan da na tura..."

"Wane saƙo? Ni ban ga komai ba, zuciyata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya zaunar da su a gabansa, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, kowa na amsawa da amin. Sannan ya juya wajen Umma, wadda ke gefe tana sharar hawaye.

"Ke ma Allah Ya yi miki albarka," ya ce. "Da ba don ke ba, da yau sai dai a ba ni labarin kyan da 'yata ta yi."