Taƙi Ɗaya Daga Baki

Malamin da ke koya musu aikin rediyo a jami'a ya sha nanatawa: makirfo taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ido kuma a kan allurar rikoda mai nuna ƙarfin murya. Muttaka ya haddace, amma ya baro Maradun bayan isha'i bai samu ko mutum ɗaya da ya yarda a yi hira da shi kan harin 'yan bindiga ba.

Gab da garin Kaya, fitilar babur ɗinsa ta haske wani dattijo zaune a bakin gona, rawani har haɓa. Suka gaisa, har da tambayar iyali da damina. Muttaka ya faɗa masa hirar da ya je ɗauka bai samu ba.

Dattijon ya ce, "Ɗauki tawa, yaro. Ba wanda ya taɓa tambaya ta."

Muttaka ya auna taƙi ɗaya. Tsohon yana ta magana, allura ko gezau. Ya ƙara matsawa, sai ƙarnin jini ya buge shi.

Hannu mai sanyin ƙanƙara ya damƙe wuyan hannunsa, ya murɗe har ƙashi ya ce ƙas. Muttaka ya ƙwalla ƙara. Dattijon ya yaye rawanin, ya cusa makirfon cikin yankan da ya raba maƙogwaronsa.

Allura ta buga ƙarshe.

"Tun daren da sunka zo, yaro, ta nan nika magana."