Inda Ɗantani Ya Ɗaure Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta. To, madalla.

Ƙarshen damina ne, zamanin En'e, kogin Kano ya kawo ruwa har baki. A mashigin da ke ƙasan Tudun Wada, wani mai jakai, Malam Mudi, ya gama loda buhunan kuzar da ya ɗauko daga mahaƙar ma'adinai ta Riruwai a kwalekwalen Sale mai fito. Sai ga mutum uku daga cikin gamba, da adduna.

"Kowa ya kwanta!"

Ɗantani ke nan, ubangidansu. Sale ya riƙe igiyar jirginsa. Adda ta sauka a hannunsa—ya saki. Ɓarayin suka faɗa cikin jirgin, ruwa ya ja su.

Dabarar Ɗantani ita ce ruwa ba ya ajiye sawu. Amma fa shi ko iyo bai iya ba. Yaransa biyu kuwa, Sabo manomi ne, Uba kaɗai ya taɓa riƙe filafili. Ga kuza da nauyin tsiya, bakin jirgi na shan ruwa.

Mudi ya ruga ya kirawo 'yan doka. Suka zo da dawakai, dawakai suka ƙi ruwa. Sajansu ya yi tsaki, ya ce a shimfiɗa tabarma, sai gobe.

Rana ta yi ja. Sai neman wurin kwana.

"Ga gaɓa can," in ji Uba.

Suka matsa. Shanu, karnuka, ga Bafulatani tsaye da kwari da baka yana kallonsu. Suka wuce.

Gaba kaɗan, ga inuwar tsamiya.

"Kada ku soma," Sabo ya ce, yana rufe fuska da hula. "Garin surukaina ne. Ko akuyarsu ta san tarina."

"Kai dai Allah wadan aurenka," in ji Ɗantani.

Wuri na uku duwatsu ne, saura ƙiris su kife. Magariba ta rufa, sauro ya taso, ba wanda ya sa komai a ciki tun safe. Can suka sami wani lungu, ruwa kwance lumui. Uba ya zura gora, ya girgiza kai.

"Maigida, nan iyakar gwiwa ne. Mu ɗaure can ƙarƙashin gaɓa, inda yake da zurfi."

"In ya kife ina barci fa? Kai ka yi iyo, ni in sha? Na gane ka, ɗan iska. Nan za mu kwana."

"Maigida, ruwan nan…"

"Ɗaure!"

Ya ɗaure. Ku kuwa kun san halin kogin nan: ruwan duwatsu ne, yau ya zo da fushi, gobe ya tafi abinsa.

Da asuba Ɗantani ya farka, ya ji jirgi ba ya motsi. Ya leƙa. Rairayi, hagu da dama. Ruwan ya koma can tsakiya, siriri. Uba kuma ba ya nan.

"Sabo, tashi! Tura!"

Suka tura, ko gezau.

"Maigida, mu bar kayan nan mu shiga daji."

"In bar me? Bayan wahalar jiya? Sauke buhu, mu ja jirgin, mu dawo mu kwashe."

Suka sauke, suka ja, ƙafa na nutsewa. Rana ta fito suna kai da kawowa, buhu a ka, suna zagin juna. Sai Sabo ya tsaya cik. Dawakan 'yan doka ne tafe a cikin kogin, a kan rairayi. A gabansu Uba ne, yana nuni da yatsa.

Sabo ya yar da buhu ya zauna. Ɗantani ya zabura da nasa a ka, bai yi nisa ba ya faɗi, suka danne shi.

Mudi ya sami kuzarsa. Sale ya sami jirginsa, amma hannun bai ƙara riƙe gora ba, ya koma saƙar tabarma. Ɗantani ya mutu a gidan yari a Kano. Sabo ya fito da furfura, matarsa ta daɗe da yin wani aure. Uba an sake shi don shi ya nuna su, amma ba garin da ya yarda ya bar ɓarawo maci amana ya kwana biyu a jere har ya bar duniya.