Ta Kafa Wa Baffa Ido

"Ba zan nema maka aurenta ba, Suhaibu!" Baffa Nababa ya faɗa yana naɗe tabarmarsa. "Yarinyar da za ta kafa wa sa'an ubanta ido, ko ƙiftawa babu?"

"Baffa, Allah ya ƙara girma... ai da ido take ji."

"Da ido take me?"

Na yi shiru. Irin shirun da na yi jiya.

Tun tana 'yar shekara tara sanƙarau ya tafi da jin Saude. Bakin mutum take kallo ta gane maganarsa. A haka ta gama sakandare, a haka ta fi kowa maki a rubutacciyar jarrabawar shiga wata makarantar koyon jinya a nan Birnin Gwari. Saura ta baki kawai, wadda aka yi jiya. Baffa ne shugaban masu tambaya, ni kuwa ina gefensa ina rubuta maki.

Tana zama ta ɗago ta tsare bakinsa da ido. Na ga ransa ya ɓaci. Sai ya juya fuska wajen taga, ya jero tambayoyi uku. Saude ta waiwayo ta dube ni... ni da na san komai. Amma ta yaya zan katse ƙanen mahaifina a gaban baƙi? Da hannuna na rubuta mata sifili.

"Jarrabawa ɗaya ce ga kowa," in ji Baffa yanzu, yana ɗaukar tabarmarsa. "An rufe magana."

Da la'asar na same ta a zauren gidansu, ta ɗaure kayanta. Gobe za ta koma Kusasu wajen kakarta, ta hanyar dajin nan da ba a shiga sai da addu'a.

"Saudena..."

"An rubuto mini," ta ce, da muryar nan tata mai ɗan rawa. "Wai ba ni da kunya. Kai ma haka ka gani?"

"Wallahi a'a! Ni ne dai..."

"Ka san in mutum ya juya ba na jin sa. Kalma ɗaya, Suhaibu! Ɗaya tak!"

"Ki yafe mini, abar ƙaunata. Zan koma wajensa, zan durƙusa, zan..."

Sai ta sunkuyar da kai a hankali, yadda Baffa ya so ta yi jiya.

Na ci gaba da magana. Na rantse, na roƙa, na kira sunanta har sau uku.

Idonta na ƙasa.