Sunan Ƙarshe a Allon Gwanaye

Ana kiran sallar magariba a unguwar Ainu Shams, Fatna tana kwashe tuwo, sai ta ji ƙwallo ta doki bangon falo. Ta sake doka, sau uku. Babu yaro a gidan, babu ƙwallo.

A bangon nan mijinta Ya'ƙub ya kafa wani tsohon allon katako da ya ɗauko ranar da aka rushe kulob ɗin da ya yi wa aiki. Sunayen gwanayen tanis ne na da, wanda ake bugawa cikin rufaffen ɗaki, ƙwallo na bin bango da rufi. A wasan nan gwani yana riƙe da kambunsa har wani ya ƙalubalance shi ya kayar. Sunan ƙarshe na Ya'ƙub ne, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarin, ko yana so ko ba ya so.

Kwana bakwai ana haka. A na takwas 'yarsu Mahasin ta tsaya gaban allon, ta daina ci, ta daina gane uwarta. Tsoro ya cika Fatna, ta aika unguwar Madinat Nasr a kira Malam Abdulbasit mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da muryar tsoho.

"Tun kafin a haifi ubanta nake zaune a ɗakin wasan nan. Kowane gwani a gabana ya ci. An rushe mini gida, na bi allo, sai na tarar da ƙarya a jikinsa."

"Ka ji tsoron Allah, ka fita," in ji Malam. "Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. A gyara layin ƙarshe, khalas, shi ke nan. Habibu ya ƙalubalanci ubanta, ya kayar da shi. Su biyu ne a ɗakin, sai ni."

Habibu wan Fatna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin ke nan da ya zo ya rantse mata shi ya ci, an ma rubuta sunansa. A lokacin ta kalli allon, ta ga sunan Ya'ƙub a wurin, ta zaɓi maganar mijinta.

Malam ya miƙa wa Ya'ƙub wuƙa. Ya'ƙub ya kankare fentin a hankali, har sunan Habibu ya fito daga ƙasa. Mahasin ta yi atishawa, ta zube, ta ce, "Inna, ruwa."

Ya'ƙub ya durƙusa. "Fatna, ki yafe mini. Ƙuruciya ce."

Ta shayar da 'yarta tukuna, sannan ta dube shi.

"Kai kana da wadda za ka roƙa. Ni da bakina na ce masa maƙaryaci, har ya rasu ban je gaishe shi ba. Wa zan roƙa?"