Ƙaramar Duniyar da Ba Ta Shara

Ku yaran yanzu, tsintsiya ce dodonku! To, ku buɗe kunne.

A can da, akwai wata ƙaramar duniya a ƙarshen gidan Rana. Rannan masana taurari suka ce za su cire ta daga jerin manyan duniyoyi. Duk ta rikice.

"Malamai, ba ina zagaya Rana ba?"

"Kina zagayawa."

"Ba a dunƙule nake kamar ƙwallo ba?"

"A dunƙule kike."

"To, me ya rage?"

"Yarinya, dubi hanyarki. Manya sun share tasu tas, taki kuwa duwatsu da ƙanƙara ko'ina."

"Ai ba ni na zuba ba!"

"Amma ba ki kwashe ba."

Nan take aka soke sunanta. Har yau wada ake kiranta.