Sakata Ta Waje

"Ku kwanta! Wanda yaɗ ɗaga kai ya mutu!"

Rana tsaka ce, kan hanyar Kambaza. Fataken albasa suka zube ƙasa. Lukuman na kwasar jakunkunansu sai ƙyallen da ya rufe fuska ya zame. Wata dattijuwa, Indo, ta leƙo.

"La ilaha! Lukuman kahinta? Ba kai kay yi min ƙyaure ba?"

Muzzammil, ogan 'yan fashin, ya finciko shi zuwa bayan jif.

"An gane ka, sakarai. Shige ƙasan gado!"

Gadon aikin Lukuman ne. Kwana uku ya yi a Kalgo yana haɗa shi cikin motar: sama shimfiɗar kwanan daji, ƙasa akwatin ɓoye kaya. Katakon maɗaci ya zaɓa, ya ɗaure shi da jikin motar da noti. Ya roƙi kwana ɗaya ya sa sakata ta ciki, Oga ya yi tsaki: "Buhu na buɗe ƙohwa?" Masu cewa gwaninta na ceton mai ita ba su san irin mutanen da ake yi wa aiki ba.

Lukuman ya shige akwatin. Aka danna sakata ta waje.

Gudu! Kwalta ta ƙare, suka faɗa fadamar Diggi. Damina ce. Taya ta nutse, inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Can baya jiniya. Indo ta riga ta ba 'yan sanda suna da unguwa.

Lukuman ya ji ƙofofi na buɗewa. Ya daki katako.

"Oga, kahinta hwa?" in ji direba.

"Shi ɗai anka gani. Bar musu shi su samu abin yi."

"Oga! Muzzammil! Ku buɗe!"

Ƙafafu suka yi nisa cikin shinkafa. Lukuman ya tokare baya, ya tura har idonsa ya yi ja. Ko ƙara katakon bai yi ba. Ya zagi maɗaci, ya zagi notin da ya ɗaure sau biyu don kada a raina shi.

Sajan Yusufa ne ya zare sakatar. Bai ko dubi fuskarsa ba, sai shafa gefen katakon yake.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kash. Shekara biyu ina neman kafintan kirki."

Ya juya hannayen Lukuman, ya duba kantar da ke tafinsu, sannan ya sa musu ankwa.